Neman tarihin wani mai kai wasiƙu a karkarar Ohio: ta ina za a fara?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar binciken tarihin iyali a nan Amurka. Ina da wata maƙwabciya dattijuwa a nan Ohio, ta haura tamanin, ganinta ya yi rauni, ni nake karanta mata takardu. Kakanta na wajen uba aikinsa kai wasiƙu gona-gona ne a karkarar jihar nan, tun zamanin keken doki. Ta riske shi tana ƙarama sosai. Abin da ya rage a hannunta hotonsa ne tsaye kusa da kekensa, da wani ɗan littafi da ya jera sunayen gidajen da ke kan hanyarsa, sai sunan garin da gidan wayarsu yake. Tana so ta san yaushe ya fara aikin, yaushe ya bari, su wane ne iyayensa, ta bar wa jikokinta a rubuce. Na yi mata alkawari, shi ya sa na kawo maganar nan.

Malam Mai Kundi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ki ladan zumunci. Kafin ki buɗe kowane kundi, ki fara tantance abu guda: ma'aikacin gwamnati ne shi, ko ɗan kwangila? A karkarar Amurka mutum biyu ne suke yawo da jakar wasiƙa. Akwai ɗan kwangila, wanda yake karɓar aikin ɗaukar jaka daga wannan gidan waya zuwa wancan, kwangilar shekara huɗu-huɗu, irin wannan tsari ya daɗe tun 1845. Akwai kuma wanda gwamnati ta ɗauka aiki don ya kai wa manomi wasiƙarsa har bakin gonarsa kyauta. Wannan na biyun an fara gwada shi ne ranar 1 ga Oktoba 1896 a West Virginia, da mutum biyar daga garuruwan Charles Town da Halltown da Uvilla, ya zama tsari na dindindin a 1902. Takardun waɗannan mutane biyu ba a wuri ɗaya suke ba, don haka in kin saɓa tun farko za ki yi ta nema inda babu.

Littafin sunayen gidajen da kika ambata ya sa nake kyautata zaton na biyun ne.

Maman Iman:
Na gode Malam. Ta ce ya ci fansho har ya rasu. Hakan na nufin ma'aikacin gwamnati ne ko?

Malam Mai Kundi:
Alama ce mai ƙarfi. Dokar fanshon ma'aikatan gwamnatin tarayya ta fito a 1920, kuma ɗan kwangila ba ya cikinta.

Ɗan Autan Gida:
Anti ki yi haƙuri da tambayata, ba raini ba ne. Mutumin nan ba sarki ba, ba malami ba, ba jarumin yaƙi ba. Wasiƙa ya kai, ya tsufa, ya mutu. Me za a samu a tarihinsa da ya kai a ɓata lokaci haka? Ni a ganina gara a zauna da tsohuwar a naɗi muryarta tana ba da labarin kanta, wannan ya fi amfani ga jikokin.

Ɗalibin Tarihi:
Ɗan Auta, maganarka ta naɗar murya daidai ce, a yi ta tun yau ma. Amma rabin farko ban yarda da kai ba ko kaɗan.

Ka duba yadda abin yake kafin zuwan irin wannan mutumi. A 1890 kusan kashi 65 cikin ɗari na Amurkawa a karkara suke. Mutanen manyan birane ana kai musu wasiƙa gida tun 1863, manomi kuwa sai ya ajiye aikin gona ya ɗaura wa doki sirdi ya tafi gari ya tambaya ko yana da saƙo, wani lokaci ya dawo hannu rabbana. Kuɗin kan sarki ɗaya suke biya da ɗan birni. Da aka kawo mai kai wasiƙu, sai jaridar yau da kullum ta fara shiga gidan manomi, ya san farashin alkama da masara kafin mai saye ya zo ya faɗa masa son ransa. Kuma ba wasiƙa kaɗai yake ɗauka ba. Yana sayar da kan sarki, yana karɓar kuɗin da za a aika ta gidan waya, yana yi wa wasiƙa rajista. Daga 1 ga Janairu 1913 aka ƙara masa ɗaukar ƙunshin kaya, da farko har nauyin kusan kilo 5, daga baya aka ɗaga. Daga nan magani da takalmi da irin shuka duk ta hannunsa suke isa gidaje.

Hatta hanyoyin karkara suna da alaƙa da shi. A lokacin ba a buɗe sabon layin kai wasiƙu sai iyalai kusan ɗari sun sa hannu a takardar koke, kuma sai hanyar ta kasance mai biyuwa. Wannan ya sa manoma da hukumomin gundumomi suka tashi gyaran hanyoyi da gadoji don kada a hana su. A ɗaya gefen kuma zuwansa ya kashe ƙananan gidajen waya masu yawa da ke cikin kantunan ƙauye. Yawan gidajen waya a ƙasar ya kai ƙololuwa a 1901, guda 76,945, daga nan ya yi ta raguwa. Mutumin da aikinsa ya taɓa rayuwar mutane haka, ta yaya za a ce babu abin nema a tarihinsa?

Hajiya Babba:
Ka faɗi gaskiya ɗana. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne amana. A farkon 1913, a nan Ohio ɗin ma, wasu iyaye sun miƙa wa mai kai wasiƙunsu jaririnsu ya kai shi gidan kakarsa, suka biya kan sarki na senti 15. Daga baya hukuma ta hana. Wa za ka miƙa wa ɗanka in ba wanda ka san ciki da wajensa ba? Mutum ne da yake bin hanya ɗaya ta kusan mil 25 kullum ban da Lahadi, da dokinsa da kekensa da ya saya da kuɗinsa, cikin taɓo da dusar ƙanƙara. Ya san gidan da ake jiran wasiƙar ɗa daga fagen daga, ya san gidan da bashi ya yi wa katutu, kuma bakinsa a rufe.

Ɗan Autan Gida:
To na ji Hajiya. Amma dai a naɗi muryar.

Maman Iman:
Za a naɗa in sha Allah, ta ma amince. Malam, wane kundi zan fara buɗewa?

Malam Mai Kundi:
Ki fara da ƙidayar jama'a, domin ita ce ƙashin bayan wannan aiki. Ana yin ta duk shekara goma, kuma ana sakin sunayen mutane bayan shekara 72, don haka ta ƙarshe da aka buɗe ita ce ta 1950, a watan Afrilu 2022. A shafin intanet na binciken tarihin iyali mai suna FamilySearch kyauta ne, rajista kawai za ki yi. Ki fara daga 1950 ko 1940 inda dattijuwar ta san sunayen mutanen gidan, sannan ki riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya. Kada ki yi tsalle. Ta 1890 kuwa kada ki wahalar da kanki, gobarar da aka yi a Washington a Janairu 1921 ta lalata kusan dukkanta.

Kowace ƙidaya da irin tambayarta. Ta 1900 ta rubuta wata da shekarar haihuwar kowa. Ta 1900 da ta 1910 sun tambayi kowace uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye. Ta 1930 ta tambayi shekarun mutum lokacin aurensa na farko. Ta 1940 ta rubuta albashi.

A ɓangaren aikinsa, akwai littafin gwamnati mai suna Official Register, wanda a wancan zamani ake bugawa duk shekara biyu da sunayen ma'aikatan tarayya. Har zuwa 1911 ma'aikatan gidan waya suna ciki, da wurin aikinsu da albashinsu. Ki nemi sunan garin, za ki ga masu kai wasiƙun karkara a jere. Shekarar da sunansa ya fara bayyana za ta nuna miki kusan lokacin da ya fara.

Sai katin rajistar soja. Ranar 12 ga Satumba 1918 an yi rajistar duk namiji daga shekara 18 zuwa 45 da ba a riga an yi masa ba, ko da bai je yaƙi ba. Katin yana ɗauke da cikakkiyar ranar haihuwa, da sana'a, da sunan makusancinsa, da launin idonsa, da sa hannunsa na kansa. Dattijuwar za ta ji daɗin wannan.

Baffa:
In ƙara a kan na Malam, kada a manta da jaridun ƙananan garuruwa. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zuba tsofaffin jaridu da yawa a shafinsa na intanet mai suna Chronicling America kyauta, wasu kuma suna ɗakin karatun gundumar. Jaridun nan ba sa raina labari. In dokin mai kai wasiƙu ya yi gardama ya kifar da keke za su rubuta, in ya sayi mota za su rubuta, in ya kwanta ciwo matarsa ta karɓe shi za su rubuta, domin da yawansu matansu ko 'ya'yansu ne mataimakansu a hukumance. Ki duba na ƙarshen Maris 1913 musamman, lokacin babbar ambaliyar da ta cinye Dayton da garuruwa da dama na Ohio, ta kwashe gadoji. In layinsa yana yankin da ruwan ya taɓa, da wuya a rasa ambatonsa.

Anti Mai Jinya:
Ni na ji an ce takardun ma'aikatan gwamnati da ake ajiyewa a ma'adanar takardun ƙasa da ke birnin St. Louis sun ƙone. Ko ba haka ba?

Malam Mai Kundi:
Gobarar 12 ga Yuli 1973 takardun sojoji ta ci, miliyoyi, Anti. Na ma'aikatan farar hula a wani gini daban suke a lokacin. Fayil ɗin duk wanda ya bar aikin gwamnati kafin 1952 yana buɗe ga kowa, ba sai dangi ba.

Maman Iman:
'Yan uwa na dawo, kuma da nauyi a zuciyata.

Na same shi. Yana cikin Official Register a ƙarƙashin garin da ta faɗa. Na samu katin 1918 da sa hannunsa, sana'a mai kai wasiƙun karkara, makusanciya kuma kakar dattijuwar. Da na karanta mata launin idonsa sai ta ce haka na mahaifinta yake. Har nan komai lafiya.

Amma a ƙidayar 1910 an sa alamar cewa wannan aurensa na biyu ne. Na koma 1900, sai ga shi matashi manomi, da wata matar daban, da jaririya mace. Dattijuwar ba ta taɓa ambata min wata mata kafin kakarta ba, kuma a lissafinta mahaifinta ne ɗan fari. A 1910 babu yarinyar a gidansa. Ban faɗa mata ba tukuna. Me kuke gani?

Hajiya Babba:
'Yata ki rufe wannan shafin. Mutanen da suka san zancen sun zaɓi su yi shiru, sun tafi da shirunsu. Mace ta haura tamanin, tana ganin kakanta da daraja, me za ki ƙara mata in ba damuwa ba? In saki ne mai muni fa? In ya yi watsi da 'yarsa ne fa? Rufin asirin mamaci hakki ne. Ta tambaye ki aikinsa da iyayensa, ki ba ta aikinsa da iyayensa.

Anti Mai Jinya:
Hajiya da girmanki, ni ban ga haka ba. Ina aiki da tsofaffi kullum, kuma abin da ya fi ƙona musu rai shi ne a riƙa yanke musu hukunci a bayan idonsu kamar yara. Tarihin gidansu ne, ba na Maman Iman ba. Ita aike aka yi mata. Ɗan aike ba ya zaɓar abin da zai isar ya ɓoye saura. Kuma ba asiri ba ne, takarda ce da duk mai intanet zai iya buɗewa. Gobe wani jika ya gano, ya ce an ba kakarsu rabin labari.

Hajiya Babba:
Kasancewar abu a buɗe bai sa ya zama dole a kai shi kunnen wanda zai cutu ba.

Ɗalibin Tarihi:
Iyayena, ku dakata kaɗan. Ana gardama a kan abin da ba a tabbatar ba tukuna. Babban ramin da masu wannan bincike suke faɗawa shi ne suna ɗaya, mutum biyu. A gunduma guda za ka iske 'yan uwan juna uku da suna iri ɗaya, duk an sa musu sunan kaka ɗaya. Anti Maman Iman, ki gwada wata da shekarar haihuwar da ke ƙidayar 1900 da ranar da ke katin 1918. Sannan ki nemi takardun auren biyu a kotun gado ta gundumar, a can ake ajiye su a Ohio, ki ga ko sun nuna iyaye ɗaya. In sun dace, to shi ne.

Bayan haka ki nemi abin da ya sami matar farko. A Ohio kotun gado ce take rubuta haihuwa da mutuwa daga 1867 zuwa 1908, daga ƙarshen 1908 jiha ta karɓa. A wancan zamani mutuwar mace a wajen haihuwa ko da tarin fuka ko zazzaɓin taifot ba baƙon abu ba ne. Alamar aure na biyu ba ta ce saki ba, ba ta ce laifi ba. Kada mu ɗora wa bawan Allah abin da takarda ba ta faɗa ba.

Baffa:
Wannan ita ce magana. Kuma ki nemi yarinyar a 1910 a gidan iyayen uwarta. Namijin da matarsa ta rasu ta bar masa jaririya, ga aikin da yake fita tun safe sai yamma, yawanci wurin kakanni ake kai ta.

Maman Iman:
Baffa kamar kana wurin. Watan haihuwa da shekara sun dace, shi ne. Matar farko ta rasu ne, sunanta yana cikin kundin mutuwa na kotun, tun kafin ya fara aikin gidan waya. Yarinyar kuma ga ta a 1910 a gidan iyayen mahaifiyarta, an rubuta ta jika. Abin da ya sa na kasa barci shi ne, sunan wannan gidan yana cikin ɗan littafinsa na hanya. Gidan yana kan layinsa.

Ɗan Autan Gida:
Allahu Akbar. Kenan kullum yana tsayawa a ƙofar gidan da 'yarsa take. Anti na janye tambayata ta farko.

Ɗalibin Tarihi:
Abin da littafin ya tabbatar shi ne gidan yana kan layinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ko shi ya nemi layin saboda ita, ko dacewa ce, kada a rubuta wa jikoki a matsayin tabbas. A rubuta abin da aka gani, a ambaci inda aka gan shi, wanda ya zo baya ya ɗora.

Hajiya Babba:
To yanzu da na ji mutuwa ce ta raba, zuciyata ta ɗan sauka. Amma har yanzu ina nan a kan a bi a hankali. Kada ki zube mata shi gaba ɗaya. Ki tambaye ta tukuna, in an ci karo da abin da ba ta sani ba, tana so ta ji? In ta ce e, sai ki fara da rasuwar matar, ki bar ta ta yi tambaya da kanta.

Anti Mai Jinya:
A nan mun haɗu Hajiya. Zaɓin ya zama nata. Kuma ki zaɓi safiya, lokacin da take da ƙarfi, ba dab da kwanciya ba.

Maman Iman:
Na bi shawararku. Na tambaye ta kamar yadda Hajiya ta ce, ta amsa cewa ba ta kai wannan shekarun don a ɓoye mata abu ba. Da na gaya mata sai ta yi shiru, can ta ce akwai wata mata da take zuwa gidansu lokacin bukukuwa tana yarinya, ana ce musu su kira ta goggo, ba wanda ya taɓa bayyana mata ta ina suka haɗa dangi. Sunan da ta faɗa shi ne sunan jaririyar 1900. Ashe ba yasar da ita aka yi ba, zumuncin yana nan, bayanin ne bai gangaro zuwa ga yara ba. Na naɗi duk wannan a waya, Ɗan Auta.

Yanzu tana so a nemo zuriyar goggon. Ni kuma nan ne nake ɗari-ɗari, domin waɗannan rayayyu ne.

Baffa:
Ɗari-ɗarinki yana kan hanya. Ki nemi auren goggon don ki san sunan mijinta, ki bi su har ƙidayar 1950, sannan ki nemi sanarwar rasuwarta a jarida, domin a nan ake jera 'ya'ya da garuruwan da suke. Shafin intanet na Find a Grave ma yana taimakawa wajen gano maƙabarta da shekaru. In an kai ga mai rai, a rubuta masa wasiƙa da sunan dattijuwar, gajeriya, a sa kwafin hoton kakan, a bar masa ya amsa ko ya ƙi. Kada a je ƙofar kowa ba sanarwa, kuma kada a sa sunan rayayye a wani shafi sai da izininsa.

Maman Iman:
Haka za a yi. Saura fayil ɗinsa na aiki, don mu san ranar farawa da ranar ajiye aiki. Malam, me zan rubuta wa St. Louis?

Malam Mai Kundi:
Buƙatar a rubuce ake aika ta ga ma'adanar takardun ƙasa da ke can. Ki sa cikakken sunansa da duk wata hanya da kika ga an rubuta shi a ƙidaya, da ranar haihuwar da ke katin 1918, da cewa ma'aikatar gidan waya ya yi wa aiki, da sunan garin da jihar, da shekarun da kike zaton ya yi. In sun samu za su sanar da ke kuɗin kwafi kafin su aiko. Kafin amsa ta zo, ki ɗauki hoton kowane shafi na ɗan littafin nan, ki gwada sunayen da ke ciki da na ƙidayar 1910 da ta 1920 ta yankin. Wadda sunayenta suka fi dacewa za ta nuna miki shekarun da ya rubuta shi. Ki kuma kai kwafi ga ƙungiyar tarihi ta gundumar, suna ajiye tsofaffin taswirorin da ke nuna gonaki da sunayen masu su, da su za ki iya zana layin nasa gida bayan gida.